Sahabi, Sa'an Najeriya

Duk wanda ya taɓa kai niƙa bayan kasuwar Illela ya san injin Yaya Sahabi, ko da bai san sunan mai shi ba. Ita ce rumfar kwanon nan mai ƙofa kore da fari da kore, wadda ake jin ƙararta tun daga tasha. Sunansa na yanka ma ba kowa ya riƙe ba. Ka ce da ɗan kabu-kabu ya kai ka wurin Sa'an Najeriya, ba zai sake tambayarka ba.

Ni ce Hindatu, autar ɗakinmu, shi kuma ɗan fari. Na san shi ciki da bai, don haka ba zan yi masa kwalliya ba. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, mai son mutane, mai ƙarfin murya saboda inji ya cinye masa rabin kunne. Yana da haƙuri a kan komai, ban da abu guda. Kada ka taɓa masa ranar haihuwarsa.

Asalin abin daga bakin Baba ya fito, Allah ya jiƙansa. Baba fataucin shanu yake yi zuwa kudu, kuma lokacin da aka haifi Yaya yana can bai dawo ba. Wata rana Yaya yana ƙarami ya tambaye shi yaushe aka haife shi, sai Baba ya ce, "Ranar da anka sabke tutar Nasara anka haihe ka." Iyakar maganar ke nan. Da Yaya ya shiga firamare ya ji malami ya ce ranar ɗaya ga Oktoba aka sauke tutar Turawa, sai ya miƙe a aji ya ce ai ranarsa ce. Tun daga nan sunan ya bi shi, shi kuma ya rungume shi hannu biyu.

Ban taɓa ganin mutumin da ya ɗauki ƙasa a matsayin 'yar'uwarsa ta jini kamar Yaya ba. In gwiwarsa ta yi ciwo, sai ya ce ƙasa ce ba ta da lafiya. In an ci Najeriya a ƙwallo, ranar tuwonsa sai dai a ba kaji. Da haƙorinsa na gaba ya fita, cewa ya yi, "To, mun hwara tsuhwa ni da ita." In kuwa wani ya zage ta a gabansa, sai ya kashe inji ya fito da gari a gira ya ce, "Ka bi ta sannu, sa'ata ta. Abin da niy yi na kirki nawa na, balle ita?"

Kowace shekara ranar ɗaya ga Oktoba niƙa kyauta ne a rumfarsa. Mata kan zo da kwanuka da ƙore daga Araba da Garu da Kalmalo, har da na Ƙonni ta Nijar can tsallaken iyaka, don labarin kyauta ba ya tsayawa a shingen kwastan. Yakan sa farar riga da koriyar hula, amma kafin azahar gari ya rufe shi, hula da gemu duk sun koma fari sol. Mata suna guɗa, shi yana washe giɓinsa. A duk shekara babu ranar da yake jin daɗinta kamar wannan.

Mace guda ce a unguwar ba ta taɓa aika niƙa ranar ba. Inna, wadda ta haife mu.

Inna mutuniyar da ce, irin waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Tunda nake ban taɓa jin ta kama sunan Yaya ba. In za ta yi zancensa sai ta ce "mai inji", ko "wancan". In ya shigo gaishe ta, sai ta juya fuska wajen bango ta amsa a taƙaice, kamar wani baƙo ne ya zo neman hanya. Ranar niƙan kyauta kuwa, tun da safe za ta jawo turmi ta daka geronta da hannunta, ga ɗanta can yana niƙa wa gari duka. Mu mun ɗauka duk cikin kunyar ce, ba mu taɓa tankawa ba.

Sai kuma Maharazu, ɗan Goggonmu, taubashin Yaya, dillalin albasa, mutumin da Allah ya yi wa baki. Shi haihuwarsa tana da shaidu, lokacin tumu aka haife shi a nan Illela, ana gasa sabon gero, 'yan makonni kafin mulkin kai. Da waɗannan 'yan makonnin ya shekara sittin da ɗoriya yana mulkar Yaya. Shi ke fara sa hannu a akushi, shi ke zama gaban mota. A gaban surukai zai ce, "Yaro, ɗauko man buta." Wannan duk Yaya yana shanyewa. Abin da ba ya shanyuwa shi ne in Maharazu ya karkace hula ya ce, "Wai sa'an Najeriya. Wa yag gani? Kawu ba shi gari, ya rasu kuma. Ita wadda tas sani ba ta taɓa cewa i ba. Ni dai na hi zaton wata Talata ta anka haihe ka, babu ko kiɗi."

Bara, ana saura kwanaki kaɗan bikin, Yaya ya ji a rediyo cewa wani gidan tarihi a Sakkwato ya ware ɗaki guda ya baje kayan mulkin kai. A makon ne kuma 'yata Mu'minat ta haihu a birni, za mu je barka da Inna. Sai ga shi ya zo gidana da yamma, ya zauna bakin tabarma yana juya hula a hannu.

"Hindatu, so nike mu biya da Inna can," in ji shi.

Na ce, "Don ka rufe bakin Maharazu?"

Ya ce, "Har da shi." Sannan ya ce, "Kalma guda nika so. Ta ga tutar ta ce i, ranan ta. Ko kai ta ɗaga ya ishe ni. Ke kin ji labarin haihuwarki hal kin gaji. Ni ban taɓa jin ta ce ga yadda niz zo duniya ba."

Wallahi sai ya ba ni tausayi. Dattijo mai jikoki, yana neman uwarsa ta gyaɗa masa kai sau ɗaya. Na ce ya bar ni da ita.

Muka ɗauki shatar mota. Maharazu ya ji labari ya ce ko da albasarsa za ta ruɓe sai ya je ya ga ƙarshen ƙarya. Ya shige gaba ya miƙe ƙafa, mu uku muka matsu a baya, Inna ta sa ni a tsakiya don kada kafaɗarta ta taɓa ta ɗanta. A cinyarta ga ƙullin yaji da daddawa na mai jego. Sai da muka wuce Gwadabawa na gaya mata za mu ɗan biya wani wuri.

"Gidan wa?" in ji ta.

"Gidan tarihi, Inna."

"Mi aka yi ciki?"

"Kallo."

"Kallo? Da tsuhwana?" Ta ja tsaki ta ce ita a kai ta ta ga jinjira.

Maharazu ne ya cece mu ba da niyya ba. Ya waiwayo ya ce, "Ku ƙyale Inna, wurin da matakala, ba ta iya hawa." Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ni da nid ɗauke ka kana zawo? Direba, kai mu." Ita ta riga kowa hawa matakalar. A bakin ƙofa ta tuɓe takalmanta ta yi sallama da ƙarfi, sai da mai gadi ya amsa mata yana dariya.

Wata malama ce ta tarbe mu, sunanta Shahida, mai fara'a, ita ke zagayawa da baƙi. Tun kafin ta buɗe baki Yaya ya gabatar da kansa, suna da laƙabi da rana. Ta ce, "Kai, Baba, ashe yau mai wurin ne ya zo da kansa!" Yaya ya ƙara faɗi. Maharazu ya yi tari irin na gangan.

Ɗakin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Ga hotuna manya na taron jama'a, ga 'yan makaranta cikin gajeren wando riƙe da ƙananan tutoci, ga wata tsohuwar rediyo mai girman akwatin aure wadda aka ce irinta mutane suka kewaye suka ji sanarwa. Yaya yana tafe yana shafa gilashi kamar mai gaida dangi. Inna kuwa ba ruwanta da manyan mutanen da ke cikin hotunan. Ita da ta yi rayuwarta tana sayar da zannuwa a cikin gida, matan da ke gefe take kallo. "Dibi ɗaurin kallabi," take ce mini. "Wanga zane na yi irinai. Ba shi jimirin wanki."

A ƙarshen ɗakin akwai wani akwatin gilashi, an shimfiɗa tsohuwar tuta a ciki, ta koɗe, shuɗi da layukan ja da fari sun gicciye juna. Malama Shahida ta ce, "Wannan ita ce tutar Ingila. Irinta aka sauke a ranar, aka ɗaga tamu."

Yaya ya dube ni. Ba zai iya tambaya da bakinsa ba. Na kamo hannun Inna na ce, "Inna, kin tuna ta?"

Ta sunkuya, ta ƙanƙance ido, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta miƙe ta ce, "Wagga mai gicce-gicce? Ban taɓa ganin ta ba."

Maharazu ya tafa hannu har mai gadi ya leƙo.

Inna ba ta kula shi ba. Ta ce da malamar, "Ɗiyata, an ba ku wata dai. Wadda anka sabke ƙyalle ukku ta, an haɗa su tsaye. Shuɗi, hwari, ja. Da idona nig gani."

Malama Shahida ta ce, "Hajiya, ai wannan ta Faransa ce. A ina kika gan ta?"

"Ƙonni mana, ƙohwar gidan kumandan, Annasaran da ka mulkin garin. Ina za ni haihuwar hwari in ba gidanmu ba?"

Jama'a, kun ji fa. Duk cikinmu babu wanda bai san Inna 'yar Ƙonni ba ce. Babu wanda bai san mace takan koma gidan iyayenta goyon ciki a haihuwar fari ba, ni kaina haka na yi. Kuma kullum muna ganin mutanen Nijar suna nasu bikin da damina. Amma shekara sittin da wani abu, mu da wayonmu da rediyonmu, ba wanda ya taɓa haɗa waɗannan abubuwa ya tambaya wane Nasara ne aka sauke wa tuta. Har Baba, da ya dawo daga kudu aka ba shi labari, bai tambaya ba.

Yaya ya nemi benci ya zauna. Fuskarsa ta yi wani iri, kamar an kashe inji ana tsakiyar niƙa. Maharazu kuwa har da riƙe ciki. "Ashe ɗan Nijar na! Sa'an Nijar! Yaro, sai ka sayi sabon fenti!" Na ji kamar in kwaɗa masa jakata. Ni na kawo Inna wurin nan, ga shi na sa an tuɓe wa ɗan'uwana sunansa a gaban baƙuwa.

Malamar ce ta gyara, Allah ya yi mata albarka. Ta jawo wa Inna kujera ta ce, "Hajiya, don Allah ba ni labarin. Mu nan sai hotuna, ba mu cika samun wanda ya gani da ido ba."

Da ni na tambaya, da zagi zan sha. Amma wannan baƙuwa ce, ba ta san wane ne ɗan fari ba, kuma ba wanda ya ce a yi zancen haihuwa, zancen tuta aka tambaya. Inna ta zauna, ta ba Yaya baya, ta fuskanci gilashin.

Ta ce damina ce tsaka, gero bai yi kai ba. Gari ya ɗauki kiɗa tun safe, an ce yau Annasara zai miƙa ƙasa. Innarta ta hana ta fita saboda ciki ya tsufa, ita kuwa ta faki ido ta bi ƙawayenta ta ƙofar baya. "Yarinya nike, ina son kallo," in ji ta. Ta tsaya gindin wata bishiyar bedi tana leƙe ta tsakanin kafaɗun maza. Aka busa ƙaho, wani soja ya kama igiya, tutar ta fara saukowa a hankali.

"Tana sabkowa, marata na ɗaurewa. Nic ce wayyo. Ƙawata tac ce in yi shiru ana abin hukuma. Wadda anka ɗaga ban gan ta ba, ɗiyata, lokacin an kwashe ni an yi gida. Muna shiga ruwa yag goce. Kahin la'asar yaz zo."

Ba ta ce wa ya zo ba.

"Kai gare shi kamar tulu," in ji Inna, "da murya. Kukanai ya hi gangunan gari. Ana ta shigowa ana ce muna barka da samun ƙasa. Ni ko cikin raina nic ce ku riƙe ƙasarku, ni na samu nawa." Ta gyara mayafi. "Innata tac ce in bar kallonai, mutane na gani, abin kunya na. Sai in ja zane in rufe mu, ni da shi, in yi ta kallonai ciki. Ba wanda yas sani."

Na waiwaya. Yaya yana zaune, hawaye suna bin gemunsa, bakinsa kuwa a washe, giɓin nan a waje. Bai share ba. Ban taɓa ganin mutum ya yi asarar abu yana murna haka ba. Kalma guda ya zo nema, ga shi an ba shi har da ruwan sama da girman kansa.

Ni dai bakina bai iya shiru. Na ce, "Inna, ashe kina sane duk shekarun nan, kika bar shi yana ta fenti?"

Ta ce, "Wa yat tambaye ni? In an tambaye ni ma, da wane baki?"

Malama Shahida tana share ido tana dariya ta ce, "To ai Baba bai yi asara ba. Nijar ta riga mu, nasu a farkon Agusta ne."

A nan ne abin ya faɗo mini. Gero bai yi kai ba. Na juya a hankali na dubi dillalin albasa na ce, "Maharazu, kai da wane lokaci ne aka ce an haife ka?"

Ya karkace hula. Ya ce ai lissafin mata ba abin dogaro ba ne. Inna, ba ta ko waiwayo ba, ta ce, "Ina wankan jego anka aiko an haihe ka. Da tumu ɗan aike yaz zo."

Yaya ya miƙe tsaye. Ya share fuska da hannun riga, ya gyara hula, ya ƙara tsawo a idona. Ya ce, da muryar nan tasa ta inji, "Yaro, tai ka ɗauko ma Inna takalminta."

Mai gadi da malama da wasu baƙi da suka taru duk suka kwashe da dariya. Maharazu ya yi ƙunƙuni, ya ce zai ɗaukaka ƙara, amma ya je ya ɗauko, har da durƙusawa ya ajiye. Yaya kuma ya tsaya gaban wani babban hoto na tutar kore da fari, ya kaɗa kai ya ce, "Ashe ƙanwata ta. Shi ya sa ba ta jin magana. To ba komi, haƙurin ƙanwa sai yaya."

Muka je barka, Inna ta ɗauki jinjira ta yi mata wasa. A hanyar dawowa Yaya ne a gaban mota, ya miƙe gajerun ƙafafunsa iyakar ƙarfinsa. Maharazu yana baya a matse kusa da ni, yana cewa kujerar gaba ma ai zafin inji ne da ita.

Labari ya riga mu isa Illela, ban san ta yaya ba. Wasu suka ce yanzu sai ya goge fenti. Bai goge ba. Ya samo ɗan fenti ruwan lemo ya ɗiga ƙwallo guda a tsakiyar farin, irin na tutar Nijar, ya ce kowa ya ɗauki nasa. Ranar ɗaya ga Oktoba ya yi niƙan kyauta yadda ya saba, ya ce ba a fasa wa ƙanwa biki. Inna ta jawo turminta ta yi dakanta. Sannan ya sanar cewa daga yanzu akwai na biyu da damina. Matan Araba suka ce Allah ya sa a gano wata ƙasar ma ya girme ta.

Bana, ranar uku ga Agusta, an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi. Na je rumfar da safe ina taya shi jera kwanuka, layi har ya kai bakin masallaci. Maharazu ma yana nan, an ba shi aikin tsare layi, yana yi yana mita. Can sai na ga mata suna darewa. Inna ce, da sandarta, da 'yar ƙwarya a lulluɓe da faifai. Aka ce ta wuce gaba, ta ce a'a, layi za ta bi kamar kowa. Ta bi kuwa, a hankali, har ta iso.

Yaya ya kashe inji. Ta miƙa masa ƙwaryar, fuskarta a juye wajen bango kamar kullum.

"Gero na," in ji ta. "A niƙa shi da laushi. Yau ta ranar."